Isaac Newton: Tarihin Rayuwarsa da Dokokinsa na Motsi a Idon Ɗan Kafanchan

Gabatarwa

Abin nan da Hausawa ke cewa an gudu ba a tsira ba, a kaina ya ƙare. Lokacin da nake makarantar sakandare a Kafanchan babu darasin da na tsana kamar Fiziks. Dokokin motsi guda uku na Isaac Newton na haddace su da Turanci tsaf, ina rera su kamar waƙa, amma da za a tsare ni a ce in faɗi abin da suke nufi, da sai dai in yi zuru. Da sakamakon jarrabawa ya fito ban yi mamaki ba. Na tattara komatsaina na koma ɓangaren harsuna, ina murna na rabu da Bature da dokokinsa har abada.

Ina aji uku a wannan sashe namu, sai malaminmu na fassara ya raba mana shafuka daga wani littafin kimiyya na sakandare, kowa ya mayar da nasa zuwa Hausa. Da na duba nawa shafin, sai ga dokokin nan uku suna kallona. Kwana uku na yi ina fama. A nan na gane cewa mutum na iya haddace abin da bai fahimta ba, amma ba ya iya fassara shi. Tilas na zauna na tambayi kaina me kowace jimla take cewa, kuma duk amsar da na samu daga gida ta fito: daga tashar jirgin ƙasa ta Kafanchan inda kakana ya yi aiki, da kasuwa, da kan babur ɗin acaɓa.

Ya kamata in sanar da mai karatu cewa Hausa ba ita na sha a nono ba. A gidanmu harshen Jju muke yi, Hausa kuwa a kasuwa da filin ƙwallo na tsince ta, har yau kuma abokaina Kanawa ba su daina yi mini dariya ba idan na musanya namiji da mace a magana. Duk da haka, da Hausar ce na fara fahimtar Newton. Wannan ya sa na bi diddigin rayuwarsa, na kuma ga ya dace in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai ita a taƙaice, tare da dokokin nasa kamar yadda na gan su a garinmu.

Haihuwarsa da Ƙuruciyarsa

An haifi Isaac Newton a ƙauyen Woolsthorpe da ke gundumar Lincolnshire ta ƙasar Ingila, ranar 25 ga Disamba, 1642 bisa kalandar da Ingila ke bi a lokacin, wadda ta yi daidai da 4 ga Janairu, 1643 a kalandarmu ta yanzu. A wannan zamani Kutumbi ne ke sarautar Kano bisa lissafin tarihin sarakunanta, Ɗan Masani kuma yana raye a Katsina. A Ingila kuwa shekarar ce aka fara yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa.

Mahaifinsa manomi ne mai filaye da tumaki, wanda ko sunansa bai iya rubutawa ba, kuma ya rasu wata uku kafin a haifi yaron. An haife shi bakwaini, ɗan ƙanƙane, har ba a sa ran zai rayu ba. Yana da shekara uku mahaifiyarsa Hannah ta auri wani dattijon limamin coci mai suna Barnabas Smith, ta tare a wani ƙauye na kusa. Ko matsayin agola yaron bai samu ba, domin a hannun kakarsa aka bar shi. Sai a 1653 da mijin ya rasu ta dawo, tare da 'ya'ya uku da ta haifa a can. Abin ya tsaya wa Newton a rai ƙwarai. Yana da shekara 19 ya rubuta jerin zunubansa a wani littafi na sirri, a ciki har da barazanar da ya taɓa yi ta ƙone gida da mahaifiyarsa da mijinta a ciki. Mai karatu ya riƙe wannan, domin zai taimaka wajen fahimtar halin da ya nuna da ya girma.

Yana da kimanin shekara 12 aka kai shi makaranta a garin Grantham, inda ya zauna a gidan wani mai haɗa magunguna. A can aka san shi da ƙere-ƙere irin na yara: ƙaramin injin niƙa mai aiki da iska, da agogon ruwa, da agogon inuwa. A makarantar kuma ya koyi Latin, harshen da zai yi masa rana daga baya.

Da ya kusa shekara 17 mahaifiyarsa ta cire shi daga makaranta don ya riƙe gonar gado. Nan fa aka ga ta kansa. A tura shi kiwo, sai a same shi a gindin shinge yana karatu ko sassaƙa, tumaki sun kama gabansu. A 1659 har tara aka ci shi saboda ɓarnar da dabbobinsa suka yi. Kawunsa William Ayscough da shugaban makarantar, Henry Stokes, su suka lallashi uwar ta bar shi ya koma karatu. Ba don su ba, da wataƙila duniya ta samu malalacin manomi ɗaya, ta rasa masanin da ake labari.

Karatunsa a Jami'a

A watan Yuni na 1661 ya shiga Kwalejin Trinity ta Jami'ar Kambirij. Duk da cewa mahaifiyarsa na da hali, a rukunin ɗalibai masu yi wa wasu hidima don a rage musu kuɗin makaranta ya shiga. Abin da ake koyarwa a lokacin shi ne ra'ayin Aristotil, masanin Girka, wanda ya ɗauka cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi. Wannan ra'ayi ya daɗe yana mulki saboda ya yi daidai da abin da ido ke gani, domin duk wanda ya daina tura baro zai ga baron ya tsaya.

Sai dai tun kafin Newton an samu masu ja da wannan magana. Ibn Sina, wanda ya rayu daga 980 zuwa 1037, ya bayyana cewa abin da aka jefa yana tafiya da wani karkata da majefi ya sa masa, kuma iska ce ke rage shi. Galileyo na Italiya, wanda ya rasu a 1642, ya yi gwaje-gwajen gangara ƙwallaye a kan katako yana auna lokacinsu. Dekat na Faransa ya rubuta a 1644 cewa abin da ke tafiya a miƙe yake son ci gaba. Kepla na Jamus kuma ya gano hanyoyin da duniyoyi ke bi wajen kewaya rana. Littattafan Galileyo da Dekat da ire-irensu Newton ya riƙa karantawa shi kaɗai a ɗakinsa, ba tare da an sa shi ba.

Shekarun Annoba

Ya kammala digirinsa na farko a 1665, shekarar da annoba ta ɓarke a Landan ta hallaka dubun dubatar mutane. Aka rufe jami'a, ya koma ƙauyensu, inda ya shafe mafi yawan lokacinsa har zuwa 1667. Mu da muka ga yadda korona ta rufe makarantu a 2020 mun san irin wannan zama. Ni dai da waya da barci na cinye nawa. Shi kuwa a nasa zaman ya aza harsashin reshen lissafin nan da ake kira kalkulas, wanda ke auna yadda abu ke sauyawa daƙiƙa bayan daƙiƙa. Ya kuma bi da hasken rana ta cikin gilashi mai kusurwa uku, ya nuna cewa farin haske haɗakar launukan bakan gizo ne.

A wannan lokaci ne labarin tuffa ya faru. Shi da kansa ya ba abokinsa William Stukeley labarin a 1726, yana tsoho, kuma a cikinsa babu inda tuffar ta faɗo masa a ka kamar yadda ake zanawa. Ganin faɗuwarta ne ya sa shi tunani: shin ƙarfin da ke janyo 'ya'yan itace ƙasa, a kan bishiya ya tsaya, ko ya kai har ga wata? Duk yaron da ya taɓa korar tsuntsaye a gonar acca da majajjawa zai gane tambayar. Muddin igiya na riƙe da dutse, kewayawa yake yi, da an saki kuwa sai ya miƙe ya tafi. To, wace igiya ce ke riƙe da wata har yake kewaya duniya bai tsere ba? Amsar ba a rana ɗaya ta zo masa ba, shekara 20 ta ɗauka kafin ta nuna.

Littafin da Ya Kusa Rasa Mai Bugawa

Bayan ya koma Kambirij, a 1669 aka ba shi kujerar farfesan lissafi yana da shekara 26, ya gaji malaminsa Isaac Barrow. Ya ƙera sabuwar na'urar hangen nesa mai aiki da madubi, abin da ya sa ƙungiyar masana kimiyya ta Landan, wato Royal Society, ta karɓe shi a 1672. Amma da wani masani mai suna Robert Hooke ya soki takardarsa a kan haske, sai ya fusata ya janye jikinsa, ya duƙufa shekara da shekaru a kan alkimiyya da binciken littattafan addini, yana ɓoye yawancin abin da ya gano.

A watan Agusta na 1684 wani matashin masanin taurari, Edmond Halley, ya je har Kambirij ya tambaye shi irin hanyar da duniya za ta bi idan ƙarfin da rana ke janyo ta da shi yana raguwa da nisa bisa wani ƙayyadadden lissafi. Nan take Newton ya ce da'ira ce mai ɗan tsawo, kuma ya riga ya lissafa, sai dai takardar ta ɓace masa. Ya sake lissafin ya aika, Halley kuma ya matsa masa ya faɗaɗa shi. Fiye da shekara biyu ya yi yana rubutu, yana manta ci da barci.

Da aka zo bugawa sai aka tarar asusun ƙungiyar ya bushe, domin ta kashe kuɗinta a kan wani babban littafi na tarihin kifaye da bai yi kasuwa ba. Halley ne ya biya daga aljihunsa. A watan Yuli na 1687 littafin ya fito da harshen Latin, ana kiransa Principia a taƙaice. A farkonsa ne dokokin nan uku suke. Ga yadda na fahimce su.

Doka ta Farko: Turjiya

Dokar tana nuna cewa abin da yake tsaye zai ci gaba da tsayuwa, wanda yake tafiya kuma zai ci gaba da tafiya a miƙe da gudu iri ɗaya, har sai wani ƙarfi daga waje ya sauya masa hali. Kalmar Latin da ake kiran wannan ɗabi'a da ita ma'anarta ta asali kasala ce. Ni a fassarata turjiya na sa, kamar yadda jaki ke turjewa, domin abu yana ƙin a tashe shi, yana kuma ƙin a tsayar da shi.

Layin dogo ya iso Kafanchan a wajajen 1927, wato kimanin shekara 200 bayan rasuwar Newton. A nan layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi yake rabuwa, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya ya nufi Jos, wanda daga baya aka ja reshensa har Maiduguri a 1964. Kakana ya yi aikin reluwe a wannan tasha a zamanin da take cike da hada-hada. Ya sha ba mu labarin yadda ake jera taragai: kan jirgi ya tura tarago ya sake shi, sai taragon ya yi ta tafiya shi kaɗai a kan dogo, ba mai ja ba mai turawa, har ya je ya haɗu da 'yan'uwansa. Ya ce sabon ma'aikaci shi ke raina tarago mai tafiya a hankali, tsohon hannu kuwa ba ya kusantar gabansa. Baro na tsayawa da wuri ne saboda ƙasa na gugar tayarsa. Ƙarfe a kan ƙarfe kuwa gugarsa kaɗan ce, shi ya sa tarago ke daɗewa yana tafiya. Da babu guga da iska gaba ɗaya, da bai tsaya ba. Abin da ya ɓoyu ga Aristotil ke nan.

Ni kuma a jikina na karanta dokar. Wata rana ina bayan acaɓa, akuya ta gifta, mai babur ya taka birki da ƙarfi. Babur ya tsaya, ni ban tsaya ba, domin birkin taya ya kama, bai kama ni ba. Tabon yana nan a gwiwar hannuna. Haka idan uwa ta kakkaɓe tabarma da sanda: tabarma ta matsa, ƙura ta turje a inda take, sai su rabu.

Doka ta Biyu: Ƙarfi da Sauyin Gudu

Doka ta biyu tana nuna cewa gwargwadon ƙarfin da aka sa wa abu, gwargwadon yadda gudunsa zai sauya, kuma ta fuskar da aka tura shi zai sauya. Sannan gwargwadon yawan jikin abu, gwargwadon ƙarfin da yake bukata. Mai turin baro a kasuwar Kafanchan ya san wannan. Baro wayam da hannu ɗaya ake tashinsa, wanda aka loda wa buhunan citta kuwa sai an dage. Tsayar da shi ma haka ne, shi ya sa motar da ta yi lodin citta daga Kwoi ko Kachia ba ta tsayawa a inda ƙaramar mota za ta tsaya. Idan kuma direba ya ninka gudunsa sau biyu, tazarar da birki ke bukata ninkuwa take yi sau huɗu.

A nan na ci karo da matsalar da ta shafe mu ɗaliban harshe. Kalmar nauyi a Hausa tana ɗauke da abu biyu da kimiyya ta raba. Akwai yawan jikin abu, wanda ba ya sauyawa ko'ina aka kai shi, akwai kuma ƙarfin da duniya ke janyo shi da shi. Buhun citta a kan wata zai yi saukin ɗagawa, domin janyowar can kashi ɗaya cikin shida ce ta nan, amma cittar ba ta ragu ba. Har ila yau, na ji ana kiran wannan janyowa maganaɗisun ƙasa. Sunan na da daɗi amma yana ɓatarwa, domin maganaɗisu ƙarfe yake ja, duniya kuwa har ruwa da auduga take ja. Ƙarfin janyowa na fi amincewa da shi.

Wannan ƙarfi yana ƙara wa abin da ke faɗowa gudun kusan mita 10 a kowace daƙiƙa. Wanda ya taɓa tsayawa a gindin ruwan Matsirga, kusa da Kafanchan, ya ga yadda ruwan ke barin bakin dutse a hankali ya iso ƙasa da ruri. Da wannan lissafi za a ga cewa wanda ya yi karo yana gudun kilomita 50 a awa, daidai yake da wanda ya faɗo daga tsayin kusan mita 10, wato kamar daga saman bene mai hawa uku. Maganin kuwa yana cikin dokar. Ku lura da masu lodin kankana: mai cafewa yana janye hannunsa baya, don kankanar ta tsaya a hankali kada ta fashe. Idan aka tsawaita lokacin tsayawa, ƙarfin bugu raguwa yake yi. Aikin da hular kwano ke yi wa kai ke nan, da bel ɗin mota ga ƙirji. Tun ranar da na fassara wannan sakin layi na daina ganin ɗaura bel a matsayin tsoron jami'an hanya.

Doka ta Uku: Turi da Martani

Doka ta uku tana nuna cewa idan abu ya tura wani, shi ma wancan yana tura shi da ƙarfi daidai wa daida ta fuskar da ta saba. Maharbi ya san haka, domin idan bindigar toka ta tashi sai ta doki kafaɗarsa. Tafiya ma kanta haka take: ƙafa na tura ƙasa baya, ƙasa na tura mutum gaba. Da damina idan santsi ya hana ƙafa kama ƙasa, turin ba ya samuwa, sai mutum ya sha ƙasa. Kakana ya ce saboda haka ne kan jirgi ke ɗauke da yashi, ana zuba shi a gaban ƙafafunsa idan dogo ya jiƙe. Da wannan doka ce kuma roka ke tashi, tana tura hayaƙi ƙasa hayaƙin na tura ta sama, kamar wadda ta ɗauki tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya daga ƙasar Rasha a watan Satumba na 2003.

Akwai kuskure biyu da ya kamata a kiyaye. Na farko, turin da martanin ba a kan abu ɗaya suke sauka ba, ɗaya a kan harsashi ne ɗaya a kan bindiga, shi ya sa ba sa kashe juna. Na biyu, na sha jin masu muhawara suna jawo dokar don su ce abin da mutum ya shuka shi zai girba. Karin maganar gaskiya ce, amma Newton maganar duwatsu da taurari yake yi. Da babbar mota da babur za su yi karo, ƙarfin da kowanne ya sa wa ɗan'uwansa daidai yake, sai dai mai ƙaramin jiki shi ke jin jiki.

Da ya haɗa dokokin nan uku da ƙarfin janyowa, sai Newton ya nuna cewa ƙa'ida ɗaya ce ke tafiyar da tuffa da wata da cikar teku da janyewarsa. Halley ya yi amfani da ita a 1705 ya ce wata tauraruwa mai wutsiya za ta dawo a wajajen 1758. Ta kuwa dawo, shekara 16 bayan rasuwarsa, aka sa mata sunansa. An sake ganinta a 1986.

Ƙarshen Rayuwarsa da Halayensa

Bayan fitowar littafin sunansa ya ɗaukaka. Ya wakilci jami'arsa a majalisa a 1689. A 1693 ya yi fama da rashin barci da ruɗewar tunani, har ya rubuta wa aminansa wasiƙun zargi, daga baya ya nemi gafara. A 1696 ya koma Landan ya kama aiki a gidan buga kuɗi na sarki, ya zama shugabansa a 1699. Ya riƙe aikin da gaske, ya riƙa bin sawun masu buga kuɗin jabu da kansa, har ya kai shahararrensu William Chaloner ga igiyar rataya a 1699. Ya zama shugaban Royal Society a 1703, ya fitar da littafinsa kan haske a 1704, Sarauniya Anne kuma ta ba shi sarautar girmamawa a 1705.

Sai dai kowane gauta ja ne sai in ba a sa shi rana ba. Newton mutum ne mai riƙo, wanda ba ya jure suka. Ya yi doguwar rigima da Leibniz na Jamus a kan wanda ya fara gano kalkulas. A 1712 ƙungiyar da yake shugabanta ta kafa kwamiti ya ba shi gaskiya, alhali shi da kansa ya tsara rahoton a ɓoye. Masana tarihi a yau sun yarda cewa kowannensu da kansa ya gano nasa. Haka kuma ya zuba dukiya a kamfanin South Sea, wanda cikin harkokinsa har da safarar bayi daga Afirka zuwa yankunan Amurka, ya kuma tafka asara da hannun jarin kamfanin ya rushe a 1720. Mu 'yan Afirka bai kamata mu tsallake wannan shafi ba idan muna yabonsa.

Bai taɓa aure ba. Ya rasu ranar 20 ga Maris, 1727 bisa tsohuwar kalanda, yana da shekara 84, aka binne shi a majami'ar Westminster inda ake binne sarakuna a wancan zamani. A 1905 da 1915 Albert Einstein ya nuna cewa dokokin nasa na da iyaka idan gudu ya kusanci na haske ko janyowa ta yi tsanani, amma a kan gadoji da motoci da jirage har yau da su injiniyoyi ke aiki. Ma'aunin ƙarfi ma sunansa aka sa masa: newton ɗaya ya kai kimanin nauyin giram 100, wato ƙaramar tuffa guda.

Kammalawa

Abin da ya fi tsaya mini a tarihin nan shi ne maganar harshe. Newton bai rubuta dokokinsa da harshen uwarsa ba. Da Latin ya rubuta, harshen da ya koya a makaranta, kamar yadda masanin lissafin nan na zamaninsa, Muhammad ɗan Muhammad al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafinsa kan lissafin hatimi da Larabci. Manomin Woolsthorpe da ya yi maƙwabtaka da Newton ba zai iya karanta layi ɗaya na Principia ba. Sai a 1729, shekara 42 bayan fitowarsa, Andrew Motte ya fitar da shi da Ingilishi. Faransawa kuwa wata mace ce, Émilie du Châtelet, ta yi musu aikin, ta ƙarasa shi dab da rasuwarta a 1749, aka buga cikakkensa a 1759. Ashe Turancin da na yi ta haddacewa a sakandare shi ma fassara ce, wani ne ya zauna ya yi gumi irin wanda na yi kwana uku ina yi.

Hausa ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun kafin samun 'yancin kai Rupert East da Abubakar Imam suka rubuta Ikon Allah don bayyana halittu da al'amuran duniya, a 1990 kuma aka buga Ƙamus na Keɓaɓɓun Kalmomi wanda Ɗalhatu Muhammad ya tace, don nazarin harshe da adabi. Abin da ya rage shi ne mu kai irin wannan aiki ɗakin gwaje-gwaje. A kudancin Kaduna, inda Bajju da Atyap da Ham da Agworok da Fantswam da sauransu ke haɗuwa a kasuwa ɗaya, Hausa ce ke haɗa mu, don haka darasin kimiyyar da aka rubuta da ita zai shiga gidaje da yawa, daga nan kuma ya sami hanyar shiga harsunanmu na gado.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, idan lokacin zaɓen batun kundin kammala digiri ya zo, wasunmu su leƙa tsangayar kimiyya su nemi abokin aiki. Kalmomin da na kawo a nan, irin su turjiya da yawan jiki da ƙarfin janyowa, shawara ce kawai, wanda yake da waɗanda suka fi su ya kawo a fitowa ta gaba mu tattauna. Da na je hutu na karanta wa kakana fassarar tawa. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce ai duk ya san wannan tun ban zo duniya ba, abin da bai sani ba kawai shi ne akwai Baturen da ya rubuta shi.